Shekarar da Na Hau Rumbu

Duk lokacin da kuka taru a gidan nan da salla, sai an ɗauko zancen babanku da “redi” ɗinsa, a yi ta dariya har wani ya shaƙe da fura. Ni ma ina dariya, don mutumin abin dariya ne, Allah ya jiƙansa. Amma akwai wuri guda da kuke karkatar da labarin, kuma na ji jikoki sun fara ɗaukarsa a karkacen: wai shekarar nan yawon Legas ya ɗauke masa hankali har damina ta wuce shi, ni kuma na fusata na fasa masa rumbu. Ban fasa rumbu ba, ta baki na shiga kamar kowa. Shi kuma ba yawo ya tsaya yi ba. Shi ya sa na zaunar da Ramatu, autata, na ce ta ajiye jan biron da take gyara wa 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, takardu, ta rubuta abin da zan faɗa, kada kuma ta gyara mini ko kalma ɗaya.

Kalmar nan daga Legas ya zo da ita, tun cin raninsa na farko bayan aurenmu, tare da wata rediyo mai tari da hula ja wadda ba ta yi masa kyau ba. Dako yake yi a kasuwar albasa, kuma ya ce can idan an gama lodi, an ja igiya an ɗaure, yaran mota sai su buga jikin motar su ce redi, direba ya tashi. A wurinsa shiri na mutanen ƙauye ne, mutum yana iya yin mako yana shiri bai fita ƙofar gida ba. Redi kuwa, in ji shi, babu abin da ya rage sai ɗaga ƙafa. Daga nan komai na gidanmu ya zama redi. Tuwo redi, jaki redi, in ya gama alwala ya yi redi. Mutanen garinmu Tajaye ba su ɓata lokaci ba suka sa masa Mai Redi, har yaran da ba su san sunansa na yanka ba da shi suke gaishe shi. Ramatu, da yake Ingilishi take koyarwa a Konni, ta ce mini kalmar gaskiya ce, masu harshen suna faɗinta ga abin da ya kammala, suna kuma faɗinta ga aikin kammala shi. Ta ce masana na ganin asalinta yana da dangantaka da hawan dabba, a da can dokin da aka ɗaura wa sirdi ake faɗa wa ita. Na ce to ai shi ke nan, dokin babanki kullum da sirdinsa yake, mahayin ne ke neman takalmi. Domin mutumin nan zai ce ya yi redi da hantsi, sannan ya shiga gaida unguwa gida gida, ya sasanta masu faɗa, ya duba akuyar maƙwabci, sai azahar a ga ƙeyarsa.

Kafin shekarar nan, abu ɗaya ne ban taɓa ganin ya makara a kansa ba, shi ne ruwan shuka. Kowace shekara, da zafi ya kai zafi, gabas ta fara haɗa gira, sai a ga mazan Tajaye suna sauka daga mota ɗaya bayan ɗaya da buhunansu, shi yana cikin na gaba.

Ku da kuka tashi a Konni kuna auno hatsi a kasuwa, sai na gaya muku yadda rumbu yake a gidan kakanku. Na ƙasa ne, babba, bakinsa a sama da hular ciyawa, kuma mace ba ta leƙa shi. Ba matar gida ba, ba uwar maigida ba, balle baƙo. Kafin maigida ya tafi cin rani zai hau ya fiddo abin da zai ishi gida har ya dawo, ya damƙa wa matarsa, ya mayar da hula. Abin da ya rage a ciki shi ne abincin noma, wanda za a ci da damina, kuma shi kaɗai ya san yawansa. Tsofaffi suna cewa in mace ta ga rumbu cike hannunta zai buɗe, in ta gan shi ƙasa zuciyarta za ta karye, duka biyun ba su da amfani ga gida. Can ciki kuma ake rataye damin iri, zangarniyoyin da maigida ya zaɓa da hannunsa tun a gona.

A shekarar da nake ba ku labari, babanku ya tafi da Sani, yayanku, karo na farko. Gida ya rage daga ni sai ku ƙanana, Ramatu tana goye, sai Inna uwar babanku, sai kakanku wanda idanunsa sun riga sun tafi, ƙafa kuma ba ta kai shi ko'ina sai masallaci. Lokacin salula ta fara shigowa, akwai guda a wurin mai kantin bakin kasuwa, a nan ake kiran mutum ya zo ya ji muryar nasa. Maza suka fara dawowa, namu shiru. Ranar da aka aiko in zo, na tsaya a kantin mutane sun zuba mini ido, na ji muryarsa can nesa cikin hayaniyar motoci.

“Ki kwantar da hankalinki, mun yi redi. Jibi muna bisa hanya.”

Na ce, “Malam, gabas ta yi baƙi. Iri fa?”

“Iri na inda nab bar shi. Kak ki taɓa min rumbu.”

Jibi ta zo ta wuce. Mako na gaba aka sake kirana, ya sake cewa sun yi redi. Mai kantin, wanda ba ya raina abin dariya, ya fara tambayata duk na wuce ko motar maigidan ta gama ɗaure igiya.

Ga abin da ke cin raina. Gonarmu ta tudu babba ce, kuma ƙasar Tajaye ba ta riƙe laima. In ruwan shuka ya sauka, kwana biyu ne mutum ke da su, gidan da ke da maza sai su fita gaba ɗaya su gama. Ni kaɗai da tsohuwa da goyo, ko da iri a hannu ba za mu ci rabinta ba kafin ƙasa ta bushe. Wanda kuwa ruwan farko ya wuce shi a ƙasar nan, ya san abin da zai ci baɗi sai dai ya roƙa. Hanya ɗaya ta rage, binne: a sa iri cikin busasshiyar ƙasa tun ruwa bai zo ba, a hankali, yau kaɗan gobe kaɗan, ya kwanta yana jira. Binne yana da nasa haɗarin. In yayyafi ya sauka wanda bai kai ya jiƙa ƙasa sosai ba, iri zai tsira ya ƙone, an yi asararsa ke nan. Na san wannan sarai. Na kai maganar gaban kakanku, na durƙusa na ce ko zai sa wani cikin maƙwabta ya hau ya fiddo mana iri. Ya ce tun ranar da ya damƙa wa ɗansa rumbun bai sake sa baki a kansa ba, kuma bai ga ranar da ƙaton wani gida zai leƙa asirin gidansa yana raye ba. Ya ce gida yana da mai shi, a jira shi.

Inna tana gefe tana kaɗi. Kun san ta, 'yar ƙarama ce kamar a sa a aljihu, amma duk gidan tsoron bakinta ake ji. Sai ranar Juma'a, da aka ja tsoho zuwa masallaci, unguwa ta yi tsit don rana, ta zo ta tsaya bakin ɗakina tana kallon wani wuri dabam.

Ta ce, “Ni dai ban gani ba, ban ji ba. Amma tsani na bayan ɗakin awaki, kuma matakin tsakiya ya ruɓe, mai hawa shi tsallake shi. Kawo ɗiyag ga in riƙa.”

Na kwance Ramatu na miƙa mata. Na ɗaure zane tamau, na jingina tsani, na hau. Hular ta fi yadda nake zato nauyi, da ƙyar na ture ta gefe. Na leƙa, duhu da zafi suka buge ni, na jira idona ya saba.

Babu komai a ciki. Ina nufin babu. 'Yan dammuna ne a jingine a gefe guda waɗanda ba za su kai mu ko noman farko ba, sai damin iri a rataye a turke, an naɗe shi da kyau da tsohuwar tabarma. Ƙasan rumbun a share yake tas. Na sauka ciki na zauna dirshan, gumi yana zuba, a nan na gane komai. Kakar bara ta fi yadda ya nuna mana muni. Ƙanwarsa da mijinta ya rasu, na ga an kai mata hatsi a kan jaki, ban tambayi yawansa ba. Abin da ya fiddo mini kafin ya tafi, har yana tsokanata wai in ci in yi ƙiba, ashe ƙarshen rumbun ke nan ya kwashe ya ba ni. Ya mayar da hula a kan iska, ya sauko yana dariya, ya ce ya yi redi. Yanzu kuma yana can yana ɗaukar buhunan albasa a kafaɗa, ba zai iya dawowa ba sai ya haɗa abin da zai sayi hatsin da za mu ci da damina. Na ji haushinsa kamar in kama shi da duka, na kuma ji tausayinsa har na yi kuka, ni kaɗai a cikin rumbun da aka hana ni gani.

Da na sauko da damin a ka, Inna ta tambaye ni yaya cikin. Na ce alhamdu lillahi. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta miƙo mini yarinya ta ce in mayar da tsani inda na ɗauko shi.

A gidan wata ƙawar Inna muka yi sussuka, don kunnen tsoho ya san ƙarar turmin gidansa. Daga nan kullum da sassafe sai mu fita kamar za mu itace. Ni ke gaba da sungumi ina sara, Inna tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, tana mita wai saran nawa ya karkace kamar tafiyar mai maye. Ni 'yar Badaguishiri ce, a fadama na tashi cikin albasa, ban taɓa riƙe sungumi ba sai shekarar. Hannuna ya yi bororo ya fashe. Masu wucewa da jakuna suna tsayawa su yi kallo, wasu su yi sannu, wasu su kama baki. Mun kusa kai ƙarshen gona labari ya isa masallaci.

Ban taɓa jin kakanku ya ɗaga murya ba sai ran nan. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya ce shi bai isa ya saki matar wani ba, amma ba zai kwana gida ɗaya da macen da ta hau rumbun ɗansa ba. In tafi gidanmu, in mai rumbu ya dawo shi ya san abin da zai yi da ni. Inna ta buɗe baki za ta ce ita ta nuna mini tsani, na taka mata ƙafa. In an kore mu mu biyu, wa zai dafa muku? Na kwana a gidan ƙawar Inna, washegari na ƙarasa ɗan abin da ya rage a gona tukuna, sannan na goya Ramatu na hau motar kasuwa.

A Badaguishiri tsohuwata ta yi ta salati, ta ce na ja mata abin faɗa har cikin dangi. Babana kuwa dariya ya yi har rawaninsa ya kwance, ya ce cikin 'ya'yansa mata duka in an ce masa ɗaya ta hau rumbu ba sai an faɗi suna ba. Amma da ya gama dariya ya tambaye ni abin da na gani a ciki, na ce hatsi. Kwanakin nan ban ji daɗinsu ba. Aurena yana rataye, irin gidanmu gaba ɗaya yana cikin ƙasa, kuma duka biyun sama suke jira. Wata rana da la'asar aka yi yayyafi, ɗan wanda ke tayar da ƙamshin ƙasa ya tsaya. Yara suna murna, ni kuwa ina tuna irin da ke binne, na kasa cin tuwo. Sai da na tare wani mai jaki daga wajen Tajaye ya ce mini can ko ɗigo bai sauka ba, sannan na sami numfashi. Bayan 'yan kwanaki aka yi na gaske, tun hantsi har azahar, kwari ya cika ya kawo. Na tsaya a cikin ruwan na jiƙe sharkaf, tsohuwata tana kira wai zan kashe mata jika da sanyi.

Babanku bai iso ba sai da hatsi ya yi ganye huɗu, lokacin kuma sama ta ɗauke, waɗanda ba su shuka da ruwan farko ba suna zaune suna kallon gabas. Sani ya gaya mini daga baya cewa da suka sauka daga mota da buhunan hatsi, babanku bai shiga gida ba, gona ya nufa, don ya riga ya sallama shekarar yana so ya ga asararsa da idonsa. Ya tarar da ita kore shar, layuka a karkace. Ya ce babansa ya tsaya ya daɗe, sannan ya tambayi wani mai kiwo ko gonar wa ce wannan.

Kwana biyu bayan haka ya zo Badaguishiri. Ya gaida babana a zaure, aka yi ta zagaye-zagayen da maza ke yi, sannan aka ce in fito. Na same shi a gindin itacen bedi a bayan gida. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, rigar ta zame na ga kafaɗarsa duk ta saɓule ta yi baƙi. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa yana kallon ƙasa. Na zaci faɗa zai yi, na ma shirya amsoshina tun a ɗaki.

Ya ce, “Kin gani ke nan.”

Na ce, “Na gani.”

“Wa kinka gaya ma?”

“Ba kowa.”

“Ko Inna?”

“Ko Inna. Ko babana da yat tambaye ni.”

Ya ɗauki wani tsinke yana wasa da shi. Can ya ce saran nawa ko makaho ya fi shi miƙewa, na ce mai miƙaƙƙen saran ai yana Legas. Ya fara dariya, sai kuma ya juya fuska. Sannan ya ce in ɗauko kayana, shi ya yi redi. Na ɗauko, na goya yarinya, na tsaya a ƙofar gida. Sai da ya gaida rabin Badaguishiri muka kama hanya, motar kasuwa ta tafi ta bar mu, a amalanken shanu muka ƙarasa.

Kada ku zaci abin ya wuce haka nan. Kakanku ya bar ni na shiga gida don ɗansa ya ce a bar ni, amma tun daga ranar bai sake ce mini ɗiyata ba har ya koma ga Allah, sai dai “ke”. Wannan ya yi mini ciwo, har yau yana yi, don ina son tsohon. Matan unguwa kuma in na zo rijiya sai wata ta ce a ba mai hawa hanya. Shi ma babanku ya sha nasa. Gari duka ya ɗauka daɗin birni ya riƙe shi, aka yi ta yi masa ba'a a majalisa, wai Mai Redi ya yi redi har matarsa ta yi shuka. Da kalma ɗaya zai wanke kansa, da kalma ɗaya ni ma zan wanke shi. Ya zaɓi a ce masa makararre da a ce rumbunsa ya ƙare, ni kuma na bar masa zaɓinsa. Shi da kansa ya riƙa ba da labarin yana ƙara masa gishiri, har ku kuka gada. Na riƙe masa yana raye, na riƙe bayan ransa shekaru. Yanzu dai ba na so in tafi in bar jikokinsa suna zaton kakansu ya manta da gida don kallon motoci.

Hatsin shekarar ya yi kyau, ba irin na ba da labari ba, amma ya kai mu. Da kaka, bayan an gama yanka, babanku ya bi gona ya zaɓi zangarniyoyin iri kamar yadda ya saba, masu tsawo masu cikar ido, ya ɗaure damin a tsakar gida. Tsoho yana zaune a kan buzunsa yana sauraro, ni ina bakin murhu. Aka jingina tsani, aka cika rumbu, damin iri ne ƙarshen shiga. Babanku ya ɗauke shi a kafaɗa, sai na ga ya ba rumbu baya ya nufo ɗakina. Tsoho ya ji takun ya bi wata hanya.

Ya ce, “Rumbu ba nan yake ba.”

“Na sani, Baba.”

Ya shiga, ya taka gadona da ƙafarsa mai ƙura, ya ɗaure damin a jikin azara. Ya fito yana kakkaɓe hannu, ya yi magana yadda tsoho zai ji, amma ni yake kallo.

“Rumbu na nan yadda kakanni sunka bar shi, mace ba ta hawa. Amma iri shi kwan inda mai shuka take.”

Tsoho ya gyara zama a kan buzunsa. Inna ta ci gaba da kaɗinta, sai dai na ga mazarin yana rawa don dariyar da take dannewa. Ni kuwa hayaƙi na ɗora wa laifin idona.

Baɗin ma ya makara. Ya tarar na gama shuka.